Filin Golf Na Kaduna Da Inuwar Da Ta Rage Wa Gari

    

Yau zancenmu a kan wani fili ne. Fili mai ciyawa da manyan itatuwa, a tsakiyar birni. Da yawanmu mun sha wucewa ta gefensa, amma kaɗan ne suka taɓa sa ƙafa a ciki. Filin wasan golf nake nufi, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Zan ɗauki na Kaduna in yi misali da shi. Amma na Kano da na Zariya da na Jos, duk maganar ta shafe su.

Na san abin da wani zai ce yanzu. Zai ce, Malam, ana fama da tsadar masara, kai kuma ka zo mana da wasan masu kuɗi? Gaskiyarka, ɗan'uwa. Ka dai ba ni aron kunnenka na ɗan lokaci. Maganata guda ce, kuma zan yi ta maimaita ta har mu rabu. Filin nan inuwar gari ce, kada a bari a yanka shi. Kuma ba zai tsira ba, sai masu shi sun buɗe wa jama'a ƙofa.

To, bari mu fara da wasan kansa, domin wanda bai san shi ba.

Ƙwallo ce ƙarama, fara, ba ta kai ƙwan kaza ba. Ana dukanta da sanda mai kan ƙarfe. Daga inda ka tsaya zuwa inda rami yake, tafiya ce mai nisa. Wani lokaci ma ba ka hango ramin, sai tutar da aka kafa a kansa. Burinka ka jefa ƙwallon a ramin da duka mafi ƙaranci. Ka gama da wannan rami, ka wuce na gaba, har rami 18. Wanda ya fi kowa ƙarancin duka shi ne gwani. Kun ji fa, a nan mai ɗan lissafi shi ke cin gasa. Zagaye ɗaya yakan ci awa 4, kuma mutum yakan taka kilomita 7 ko fiye da ƙafarsa.

Asalin wasan daga ƙasar Sikotland yake, a arewacin Birtaniya. Ya daɗe ƙwarai. Tun a shekarar 1457 sarkinsu ya taɓa hana shi, saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma dukan ƙwallo. A can bakin teku suka fara yin sa, kan tudun rairayi, inda iska ke kaɗawa kuma itace ba ya tsayawa. Tsohon filin St Andrews irin wannan ne, kuma daga gare shi aka gaji adadin rami 18.

Daga baya wasan ya bar bakin teku ya shigo cikin ƙasa. Nan aka samu fili iri na biyu, wanda shi ne namu. Fili mai kama da lambu. Ciyawa shimfiɗe, itatuwa jere dama da hagu, ga ɗan tafki ko rafi a tsakani. A irin wannan fili, itace shi ne abokin gabar ɗan wasa. In ka karkace kaɗan, reshe ya tare maka ƙwallo. Shi ya sa masu filin ba sa wasa da itatuwansu. Suna shuka su, suna ba su ruwa, suna hana a sare su. Ku riƙe wannan, jama'a, domin a kansa zancenmu zai tsaya. Wanda ya fara kiran wasan nan ƙwallon lambu ya iya sa suna. In ka cire lambun, ba abin da ya rage.

Yanzu kuma mu dawo gida. Yaya aka yi filin ya zo Kaduna?

Turawan mulkin mallaka ne suka zo da shi. A Jos, Turawan haƙar kuza sun kafa kulob na Rayfield a 1913. A 1917 aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta Kaduna. Ba a jima ba, a 1921, aka kafa kulob ɗin golf na Kaduna. Yau ya haura shekara 100. Har titin da ke wajen ma da sunan filin ake kiransa.

Amma akwai wani abu a tarihin nan da ya kamata mu faɗa ba ɓoye-ɓoye. Lokacin da Turawa ke tsara garuruwan da suka zauna, sun yi doka. Tsakanin unguwarsu da unguwar 'yan ƙasa, sai an bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini a ciki. Hujjarsu ita ce sauro da zazzaɓi. Suka ce kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya kai gare su. A garuruwa da dama, a irin wannan sarari da kewayen unguwar Turawa aka shimfiɗa filin sukuwa da na holo, wato ƙwallon dawaki, da na golf. Ashe tun farko ciyawar nan katanga ce, ko da ba a ɗora tubali ba. Ɗan ƙasa yana shiga, amma da jaka a kafaɗa ko lauje a hannu.

Turawa sun tafi a 1960. Manyan ma'aikata da hafsoshin soja da 'yan kasuwa suka gaji kulob. Launin fatar masu wasa ya canja. Tunanin mutumin gari game da wurin bai canja ba. Har gobe in ka tambayi mai shayi a bakin titi, zai ce maka wurin manya ne. Ba ƙarya ya yi ba.

Ni kaina na tashi da wannan tunani. Ina yaro, a wani gari daban, akwai irin wannan fili kusa da hanyar makarantarmu. Mukan tsaya a bakin waya muna leƙe. Abin da ke jan idonmu shi ne mangwaro da inuwa, ba ƙwallo ba. Ranar da muka tsallaka, maigadi ya biyo mu da sanda. Na girma ina ganin wurin ba nawa ba ne. Da a lokacin an ce za a sare itatuwan a gina shaguna, da ban ji komai a raina ba. Wannan shi ne haɗarin da nake so mu gane. Abin da mutum bai taɓa shan inuwarsa ba, ba zai tashi ya kare shi ba.

To, masu sauraro, bari mu shiga ciki mu ga yadda rayuwar kulob take. Domin gani ya kori ji.

Da sassafe, bayan asuba, wurin ya riga ya farka. Masu yankan ciyawa sun fito. Masu ban ruwa sun ja tiyo. Yara masu ɗaukar jaka, waɗanda ake kira kedi, sun taru a gindin itace suna jiran iyayen gidansu. Can sai ga motoci. Likita zai yi rami 9 kafin ya tafi asibiti. Tsohon soja da ya yi ritaya zai yi 18 cif, don ba inda za shi. Ranar Asabar kuwa gasa ake yi. Kowa ya zuba ɗan abin da aka yanka, a raba 'yan wasa huɗu huɗu, a fita. Kulob yana da kyaftin da ake zaɓa. Mata ma suna da tasu kyaftin da tasu gasa. Akwai kwamiti mai kula da fili, akwai mai kula da lissafin kowa.

Wannan lissafi yana burge ni, bari in ɗan tsaya a kansa. A golf akwai rangwame da ake yi wa kowane ɗan wasa gwargwadon ƙarfinsa. Gwani ba ya samun komai, ko ya samu kaɗan. Sabon shiga a yafe masa duka da yawa. Da haka dattijo mai shekara 70 zai kara da jikansa, kuma kowa yana iya ci.  A dambe ba a yi. A ƙwallon ƙafa ba a yi.

Sannan ga amana. Alƙalin wasa ba ya bin kowa cikin itatuwa. In ƙwallonka ta faɗa bayan kututture, kai kaɗai ne da Allahnka. Kana iya tura ta da ƙafa, ba wanda ya gani. Amma ƙa'ida ta ce in ka motsa ta, kai da bakinka za ka faɗa, a ƙara maka duka. Abokin tafiyarka ne ke rubuta maka lissafi, kai kuma ka rubuta nasa, ku sa hannu. Wanda aka taɓa kamawa da maguɗi, shi ke nan, ba mai son fita da shi kuma. In wani zai yi duka, kowa ya yi shiru. In sandarka ta ɓantare ciyawa, ka mayar ka danne. In ka shiga ramin yashi, ka share sawunka kafin ka fita, saboda na bayanka. Tarbiyya ce tsantsa. Ina jin takaicin cewa 'ya'yan talakawa, in ban da masu ɗaukar jaka, ba sa ganin ta.

Bayan wasa sai a koma gidan kulob. 'Yan wasa suna kiransa rami na 19. A nan ake cin abinci, a yi hira, a raba kyaututtuka. A nan Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Ibo ke zama teburi ɗaya. Musulmi da Kirista su yi awa 4 suna tafiya tare, su dawo su ci tare. A garin da rikici ya raba unguwanni, wasu suka koma kudancin kogi wasu suka koma arewa, wannan zama ba ƙaramin abu ba ne.

Na san kuma abin da ke ran wasu iyaye. Da sun ji kalmar kulob, sai su tuna giya. Ba zan ce babu ba. Al'adar da Turawa suka bari ce, kuma a kulob da yawa tana nan. Amma fili daban, mashaya daban. Akwai masu wasa da yawa da ke ajiye sanda su yi salla a kan lokaci, su sha ruwan sanyi su tafi gida. Kulob ɗin da ke son iyaye su turo 'ya'yansu, shi ya kamata ya raba wurin yara da wancan ɓangare, rabuwa ta sosai.

Yanzu mu juya ga mutanen da na fi damuwa da su, wato yaran nan masu ɗaukar jaka.

Jakar nan tana ɗaukar sanda har 14, kuma tana da nauyi. Yaro zai saɓa ta tun hantsi har rana ta take. Shi ya san inda ƙasa ta gangara. Shi ya san yadda iskar hunturu ke karkatar da ƙwallo. Maigida zai juyo ya ce, wace sanda zan ɗauka? Yaro ya ce, ranka ya daɗe, ɗauki ta bakwai. Ya ɗauka, kuma ta yi daidai. Da yamma in fili ya yi shiru, za ka ga yaran nan da tsohuwar sanda guda suna karɓa-karɓa. Wasu cikinsu sun fi iyayen gidansu iya wasan nesa ba kusa ba. Da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya ta wannan ƙofa suka shigo.

Ba a nan kaɗai ba. An yi wani baƙar fata ɗan Amurka, Lee Elder. Maraya ne, kuma da ɗaukar jaka ya fara. A 1971 ya zo Legas ya ci babbar gasar golf ta Najeriya. Shekara huɗu bayan haka, ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a filin Augusta, filin da ya fi kowane lambun golf suna a duniya. Haka kuma Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji. Ya ci gasar Najeriya sau biyu a jere, a 1988 da 1989, tun duniya ba ta san shi ba. Daga baya ya zama na ɗaya a duniya baki ɗaya. A ƙasarmu suka taka tsani. To yaron da ke gindin itace a Kaduna fa, wa ya kafa masa nasa tsanin?

Tambayar da nake yi wa kowane kulob ke nan. Yaron da ke ɗaukar maka jaka, yana zuwa makaranta? In ya yi zazzaɓi, wa ke saya masa magani? In ya kai shekara 40 kafaɗa ta gaji, ina zai nufa? Akwai iyayen gida na kirki da suka ɗauki nauyin karatun yaransu, Allah ya saka musu. Amma alherin mutum ɗaya yana ƙarewa ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Tsari ake so, a rubuce, wanda kulob zai ɗauka a wuyansa.

Ga wani misali daga gida, don kada a ce buɗe wa jama'a ƙofa ba zai yiwu ba. Wasan holo, ƙwallon dawaki, shi ma Turawa ne suka kawo shi. Shi ma wasan masu hali ne, don doki ba abin talaka ba ne. Amma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da ake labari. Aka bar jama'a suka zo kallo. Yau in ana gasa a Katsina ko a dandalin Murtala a Kaduna, za ka ga ɗan acaɓa da mai rake da almajiri a bakin fili suna sowa. Sun san dawaki, sun san mahaya. Ka ce za ka yanka filin holo ka ga yadda gari zai ɗauka. Holo ya samu dangi a gari. Golf bai nema ba tukuna.

Kafin in kai ga roƙona, akwai maganar ruwa. Ba zan tsallake ta ba, don ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu suka.

Ciyawar da ke kewaye da rami tana son ruwa kullum. Mu kuwa muna da watanni na rani da ko ɗigo ba ya sauka. Mutanen dā sun san haka. Shi ya sa a filayenmu na dā ba a shuka ciyawa a bakin rami. Yashi ake cakuɗawa da baƙin mai, a baje, a daddaɓe. Kafin mutum ya yi dukan ƙarshe, sai yaro ya ja buhu ko katako ya share masa hanya. Dabara ce ta ƙasar da ruwa ke da tsada, ko da yake baƙin mai ba abokin ƙasa ba ne. Da aka buɗe filin golf na IBB a Abuja a 1991, kore shar tun daga farko har ƙarshe, sai kowane kulob ya fara sha'awar irinsa. Ba laifi ba ne. Amma ni a ganina, bai dace a tsotse rijiyar burtsatse don ciyawa ba, alhali maƙwabta na bin 'yan garuwa. A tara ruwan damina a tafki. A shayar da bakin rami kawai, a bar sauran fili ya bushe da rani kamar yadda Allah ya yi shi. In kulob ya haƙa burtsatse, ya fitar da famfo ɗaya waje don unguwa. Itatuwan kuwa, irin su maɗaci da darbejiya da tsamiya, in sun kafu ba sa roƙon kowa ruwa.

To jama'a, mun zo inda na nufa tun farko.

Ku dubi garuruwanmu. Ina filayen da muka yi wasa muna yara? An yanka. Filin makaranta an yanka, an jera shaguna. Bakin rafi an yanka. Lambunan gwamnati sun zama gidajen mai da rukunin gidaje. Itacen da ya shekara 80 ana kayar da shi da safe ɗaya. Sai watan Maris ya zo mu ce gari ya yi zafi. Sai Agusta ya zo mu ce ruwa ya ci gidaje. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar da aka rufe da siminti ba ta shan ruwa, sai ta tura shi ɗakin wani.

Fili mai rami 18 yakan kai hekta 50 ko fiye. Ku auna wannan a tsakiyar birni. Ƙasa ce buɗaɗɗiya mai shanye ruwan sama. Itatuwa ne masu tare ƙurar hunturu, masu sanyaya iskar unguwannin da ke kewaye. Tsuntsayen da suka ɓace a sauran gari, a can suke kwana. Wanda bai taɓa riƙe sandar golf ba, shi ma yana shaƙar iskar wurin. Shi ya sa na ce inuwar gari ce. Kuma duk mai neman fili a birni, idonsa yana kan irin wannan wuri. Ranar da za a zo da takarda da taswira, 'yan kulob ɗari biyu ko uku ba za su iya tsayawa su kaɗai ba. Sai gari ya tsaya tare da su. Gari kuwa ba zai tsaya ba, in bai taɓa shiga ba.

Saboda haka ga roƙona.

Ranka ya daɗe kyaftin, da 'yan kwamiti, a Kaduna da Kano da Zariya da Jos, ku buɗe ƙofa. Ku ware yini ɗaya a wata don 'yan makarantun gwamnati, maza da mata. Tsofaffin sandunan da ke jibge a gidajenku, ku tara su don yara. Ku fitar da hanya a gefen fili, inda mai hawan jini da mai ciwon suga za su taka da safe ba tare da ƙwallo ta same su ba. In ana babbar gasa, ku sanar a rediyo da Hausa, ku ce kowa ya zo kallo. Yaranku masu ɗaukar jaka kuma, ku sa su a makaranta, ku shirya musu gasarsu.

Hukuma kuma, masu riƙe da takardun filaye, muna roƙonku da girman Allah. Ku rubuta filayen nan cikin wuraren da ba a taɓawa. Kada a ɓantari gefe yau, a ɓantari gefe gobe. Gini ana yin sa a shekara ɗaya. Maɗaci kuwa sai jikanka ne zai sha inuwarsa.

Ku kuma masu sauraro, iyayena da 'yan'uwana, in kun bi ta gefen filin nan gobe, ku ɗan rage sauri. Ku dubi itatuwan. Malamin makaranta, ka rubuta wa kulob takarda, ka nemi a bar ɗalibanka su zo ziyara. Mai unguwa, ka je ka gaisa da kyaftin, ku san juna tun ba a shiga matsala ba. In kuma wata rana kuka ji ana shirin yanka wurin, kada ku ce ba ruwanku. Ku yi magana, ku kira gidan rediyo, ku je wurin wakilinku.

Nan zan dakata.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da garuruwanmu lafiya.